Fitilar Maƙwabta, ta Wa Ce?

"Ɓarawo!"

Kalmar ta fita daga bakin Auta tun ba ta gama shiga zauren gidan wasan kwaikwayon ba, kuma ta fita da ƙarfin da ya sa mai yankan tikiti ya tsaya cak da tikiti a hannu.

Saurayinta Mai Jita na tsaye a gindin matakala, jitarsa rataye a baya, yana magana da abokan kiɗansa. Ya juyo da murmushin nan da ya saba tarbar ta da shi, amma yana ganin idanunta murmushin ya mutu.

"Auta... lafiya?"

"Lafiyar ce ta kawo ni."

Ta nuna bangon da ke bayansa. Ga hotonsa nan a jikin fosta, ya rungume jita kamar jariri, a samansa an rubuta da manyan baƙaƙe: FITILAR MAƘWABTA, sabuwar waƙa, ranar Asabar mai zuwa.

Sunan littafinta ke nan. Littafinta na farko, wanda ta sha wuya a kansa har ta rame, wanda yanzu haka yana wajen masu ɗab'i. Kuma duk duniya mutum ɗaya ta fara faɗa wa sunan, tana rufe fuska da mayafi don kunya, ga shi nan tsaye a gabanta.

Auta ba ta iya fushi kaɗan-kaɗan ba, wannan kowa a gidansu ya sani. Ta wanke shi tas. Ta ce ashe duk zaman da yake yi yana sauraron ta ba so ba ne, kiwo yake yi. Ta ce Abbanta ya yi gaskiya da ya ce makaɗi ba shi da abin kansa sai na mutane. Ta faɗi har abin da ba ta san yana cikinta ba, wayoyi kuwa sun tashi sama ta ko'ina suna ɗauka.

"Zo mu fita waje," in ji shi a hankali. "Zan yi miki bayani, amma ba a nan ba... don Allah, masoyiyata."

"A nan nake so. Faɗa wa mutanen nan, daga ina ka samo sunan?"

Ya buɗe baki.

Ya rufe.

Shirun nan shi ya ƙarasa ta. Ta ratsa ta gefensa ta kafa farce a gefen fostar ta fizgo da dukkan ƙarfinta.

To, gidan wasan nan yana da wata ɗabi'a da duk ma'aikatansa suka sani, Auta ce kawai ba ta sani ba: ba a taɓa cire tsohuwar fosta daga bangon zaure. Sabuwa kan tsohuwa ake liƙawa, shekara da shekaru, har bangon ya yi kauri kamar katifa. Don haka da ta fizga, ba takarda ɗaya ta biyo hannunta ba. Wani ɓawo ne guda ya ɓallo, mai nauyi, mai warin tsohon gam, ya faɗo ƙasa da ƙura.

A inda ya ɓallo, wata fosta ta bayyana, ta yi ruwan ƙasa don tsufa.

FITILAR MAƘWABTA. Wasan kwaikwayo.

A ƙasa an rubuta wanda ya tsara kiɗan, sunan mahaifin Mai Jita ne, wanda ya rasu tun ɗan nasa yana makaranta. A tsakiya kuma hoton wata budurwa riƙe da fitilar ƙwai, tana dariya, da wushirya, da ɗan tabo a girar hagu.

Auta ta san tabon nan. Tun tana goye take taɓa shi.

Umma ce.

Kafin ta ja numfashi, Mai Jita ya yi taku ɗaya ya jingina bayansa da bangon, ya rufe fostar da jikinsa da jitarsa. Wayoyin da ke ɗauka ba su samu komai ba sai fuskarsa. Ya dube ta, ya girgiza kai kaɗan, irin girgizawar da ke nufin yi shiru.

"Ki tafi gida, Auta," ya ce.

Ba ta san yadda ta fita ba. Abin da take iya tunawa kawai, ta wuce Darakta a bakin ƙofa yana gyara hularsa, yana cewa kai, abu bai yi daɗi ba, da muryar wanda abin ya yi wa daɗi.

Daraktan nan shi ne shugaban gidan wasan, kuma shi ya kira ta da safe ya ce ta zo ta ga wani abu da idonta, shi ba zai iya faɗa ba. Ya daɗe yana bin ta. Ya yi mata alkawarin zai mayar da littafinta wasan kwaikwayo, ya yi mata alkawarin mota, har ya je ya gaida Abba da kwalin turare. Abba kuwa ya yaba da shi, don shi a wurinsa mai ofis da kujera mai juyawa ba ɗan wasa ba ne, ma'aikaci ne. Mai Jita ne bai taɓa wuce ƙofar falo ba. Abba tsohon mai ba da magani ne a asibiti, mutum ne da ko karin guga aka karkata masa a wando sai ya mayar, kuma tun ranar farko ya ce shi 'yarsa ba za ta auri mai tara wa mutane kunne ba. Ko a rediyo aka sa kiɗa sai ya murɗe.

A mota Auta ta kifa kai a gwiwa. Kunya iri-iri ce, amma wadda ta kama ta ta fi ƙarfin kuka. Sai yanzu abubuwa suke dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ta faɗa masa sunan littafin, ya tambaye ta a ina ta ji shi, ita kuwa ta ɗaga hanci ta ce ai ba a ji, ƙirƙira ake yi. Ya ce akwai maganar da yake so su yi a kan sunan, amma sai ya nemi izinin wani tukuna, ita kuma ta ɗauka kishi ne irin na masu fasaha, ta share zancen. Mafi muni, a makon jiya an yi hira da ita a rediyo, ta ce da bakinta ba wanda ya taɓa haɗa kalmomin nan biyu kafin ita.

Ba wanda ya taɓa!

Ta tarar da Umma a tsakar gida tana wanki, tana ɗan gunagunin nan nata da hanci, wanda ba shi da kalmomi. Auta ta tsaya a bakin ƙofa tana saurare kamar yau ta fara ji. Tun suna yara haka Umma take, in tana wanki, in tana tsefe musu kai. In kuma aka ɗauke wuta suka fara ƙorafi, sai ta buɗe taga ta ce su yi haƙuri, su ari fitilar maƙwabta. Nan Auta ta tsinci sunan, tana 'yar ƙarama, ta ajiye shi har ta manta ba nata ba ne.

"Umma..."

Umma ta ɗago, ta dubi ƙurar da ke jikin mayafinta da gutsuren takarda a farcenta. Ta tsame hannu daga kumfa a hankali.

"Kin je gidan wasan," ta ce. Ba tambaya ba ce.

Suka shiga ɗaki Umma ta rufe ƙofa. Ta ba ta labarin tana kallon hannuwanta. Tana budurwa ta yi wasan kwaikwayo, kuma ta iya, har ana layi don a gan ta. Wasan da ya yi mata suna shi ne wannan, labarin wata yarinya mai ɗinki da ba su da fitila a gida, take zama a bakin taga tana ɗinki da hasken maƙwabta. A nan Abba ya gan ta. Da ya zo neman aurenta danginsa suka yi masa ca, suka ce ya rasa wadda zai kwaso sai 'yar wasa. Ya aure ta duk da haka, amma ya roƙe ta abu ɗaya: a binne maganar, ko 'ya'yansu kada su ji. Ta yarda, don tana son sa. Ta ce ba ta taɓa yin da-na-sani ba, sai dai wani lokaci waƙar kan taso mata, sai ta bar ta ta fita ta hanci.

"To shi kuma Mai Jita... ya aka yi ya sani?"

"Ranar da ya fara zuwa, na kai masa ruwa. Ya kalle ni, kofin ya kusa suɓuce masa. Ashe hotona na rataye a ɗakin babansa tun yana yaro." Umma ta yi ɗan murmushi mai ciwo. "Na ce masa, ɗana, ka rufa mini asiri. Ya ce, Umma, ko za a yanka ni."

Ta ƙara da cewa kwanaki ya same ta a hanyar kasuwa, ya ce ya daɗe yana sabunta kiɗan babansa don tunawa da shi, tun kafin ya san Auta, ga shi kuma sunan ya zo ɗaya da na littafinta. Ya roƙi ta bar shi ya faɗa wa Auta gaskiya. Ita ce ta ce ya dakata tukuna, tana neman ranar da za ta tunkari Abba. Ya ce to zai hana a sa sunan a fosta har sai ta ba shi izini.

Ya hana ɗin kuwa. Darakta ne ya ga ba zai bar wannan dama ta wuce shi ba, ya sa aka buga fostar da sunan.

"Umma, na kira shi ɓarawo," in ji Auta, muryarta kamar ba tata ba. "A gaban mutane. Hujjarsa na bayansa, ya tsaya ya rufe ta."

Sai a lokacin kukan ya zo.

Kafin la'asar bidiyon ya zaga gari. An yanke shi daidai inda ya fi zafi: ita tana cewa ɓarawo, tana tambayar daga ina ya samo sunan, shi kuma ya yi shiru. Marubuta 'yan'uwanta suka tsaya mata, suna ta rubuce-rubuce a kan mawaƙan da ba su da kunya. Ƙawayenta suna turo mata saƙon jinjina, wai ta burge su. Kowane yabo sai ta ji shi kamar an watsa mata ruwan zafi. Gidan rediyon da ya shirya hira da shi ya janye, mutane suka fara mayar da tikiti.

Ta kira shi ya fi a ƙirga, bai ɗauka ba.

Washegari da hantsi ta je ɗakin da suke gwajin kiɗa, wani ɗan ɗaki a bayan shagon masu gyaran lasifika, an liƙe bangonsa da kwalayen ƙwai don kada sauti ya fita. Abokan kiɗansa suna ganin ta suka miƙe suka fice ɗaya bayan ɗaya, mai ganga har da tsaki. Shi kuwa yana zaune yana sauya wa jita tsirkiya, bai ɗago ba. Tsohuwar fostar na naɗe a gefensa, an ɗaure ta da zare.

Auta mai bakin nan, wadda ba a taɓa kayar da ita a gardama ba, ta tsaya ta rasa ta inda za ta fara.

"Na zo... na zo ne in ce..."

"Umma lafiya?" ya katse ta.

"Lafiya lau."

"To madalla."

"Ka yafe mini," ta ce, hawaye na zuba. "Ni ce ɓarauniyar. A bakin Umma na ɗauka, ban ma san na ɗauka ba."

Ya ajiye jitar. Idanunsa sun yi ja, amma muryarsa ba ta tashi ba, ita kuwa da ya daka mata tsawa da ya fi mata sauƙi. Ya ce suna ba gona ba ce, wasan Umma daban, littafinta daban, waƙarsa daban, ko goma suka taru a kan suna ɗaya ba wanda ya rage wa wani komai. Ba sunan ne ya dame shi ba.

"Kin san ni, Auta. Kin san abin da nake ci, kin san abin da ke sa ni kuka. Mutum ɗaya ya nuna miki takarda a bango, ko kira na ba ki yi ba."



Ta ce ya ba ta fostar ta ɗauki hotonta ta watsa, yau-yau kowa ya san gaskiya. Ya ɗora hannu a kai. Ya ce fuskar Umma ce a jiki, ba tasa ba, ba kuma ta Auta ba. Ta ce to a rufe fuskar a nuna sunan kawai. Ya ce tsofaffin garin nan ba su mutu duka ba, ana tuna wasan za a tuna wadda ta yi shi, kafin yamma maganar ta isa kunnen dangin Abba.

"To haka za ka zauna ana kiran ka ɓarawo?"

"Na yi alkawari."

"Ni fa?" ta tambaya a hankali. "Ni da kai fa?"

Ya ɗauki jitarsa ya ci gaba da ɗaura tsirkiya.

"Ban sani ba tukuna," ya ce.

Kwanakin da suka biyo baya Auta ba ta leƙa ko ƙofar gida ba. Darakta ya zo da kansa, ya zauna a falo yana jajanta wa Abba, yana cewa shi dama tuntuni bai yarda da yaron ba. Auta na jin sa daga ɗaki, ta cusa kai ƙarƙashin matashi. Ta so ta fito ta tona shi, amma da wane baki? Shi ya hura wutar, ita ta ɗauka ta kai.

Ranar Asabar da safe, suna karyawa, Abba ya ajiye kofin shayinsa ya ce ya ga bidiyon, wani tsohon abokin aikinsa ne ya nuna masa. Ya ce ba ya son mace tana ɗaga murya a bainar jama'a, amma wannan karon ya yi mata uzuri. Ga shi dai ta gani da idonta. Ya tambaya ma wai mene ne sunan littafin da aka sace, don shi hayaniyar ta hana shi ji.

Auta ta dubi Umma. Umma ta dubi buta.

"Fitilar Maƙwabta," in ji Umma.

Cokalin da ke hannun Abba ya tsaya.

"Yaron nan ba ɓarawo ba ne," Umma ta ci gaba. "Ɗan mai kiɗanmu ne. Kiɗan ubansa ne. Ya san ni tun ranar da ya shigo gidan nan. 'Yarka ta zage shi a gaban duniya, hotona na bayansa, ya tsaya ya rufe shi da jikinsa. Asirinka yake rufawa, ba nasa ba."

Ba wanda ya taɓa jin Umma ta yi wa Abba doguwar magana haka. Abba ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Fuskar nan tasa da ba ta motsi ta yi wani iri, kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Ya miƙe ya shiga ɗakinsa ya rufe, shayin ya huce a wurin.

Auta ta yanke shawara ita kaɗai. A bainar jama'a ta ci mutuncinsa, a bainar jama'a za ta biya. Ba za ta ambaci Umma ba, amma za ta tsaya ta ce ta yi ƙarya, ko da littafin nata zai mutu tun bai fito ba.

Da la'asar aka buɗe ƙofar gidan wasan. Rabin kujerun babu kowa, rabin waɗanda suka zo kuma kallon ɓarawo ya kawo su. Mai Jita na fitowa wani ya yi fito daga baya, wani ya ce a dawo wa marubuciya da kayanta, aka kwashe da dariya. Ya zauna a kujerarsa yana gyara makirifo kamar bai ji ba.

Auta ta miƙe daga layin gaba. Ta nufi matakala, ta hau dandamali. Zauren ya ɗauki sowa, ana zaton zagaye na biyu za a yi. Ta karɓi makirifo daga hannun mai ganga, wanda ya sakar mata da ƙyar.

"Ni ce wadda kuka gani a bidiyo," ta ce. "Na yi wa mutumin nan ƙazafi. Bai saci komai ba. Sunan nan ya girme ni, ya girme shi. Ni ce na tsince shi na ce nawa ne, har na je rediyo ina cika baki. Wanda ya zage shi saboda ni, zaginsa na wuyana."

Gunaguni ya tashi. Wata daga cikin marubutan da suka tsaya mata ta miƙe ta ce an dai lallashe ta ne, so ne ya rufe mata ido. Wani ya ce in gaskiya ne ina hujja? Darakta na tsaye a gefen dandamali, ya harɗe hannu, don ya san ba ta da abin nunawa.

Auta ta tsaya da makirifo a hannu. Ta ji a ranta ko ƙasa ta tsage ba za ta ishe ta ɓuya ba.

"Ga hujja nan."

Daga can baya muryar ta fito, kusa da ƙofa. Auta ta san ta, amma ba ta taɓa jin ta a wuri irin wannan ba.

Abba ne, cikin kayansa masu karin guga, yana riƙe da hannun Umma a gaban kowa. Ya taho da ita ta tsakiyar kujeru a hankali, kansa a sunkuye, har gindin matakala. Bai karɓi makirifo ba, amma zauren ya yi shirun da kowa ya ji shi.

"Matata ce. Ita ta yi wasan Fitilar Maƙwabta a kan wannan dandamalin, uban yaron nan na yi mata kiɗa. Ni shaida ne, don ba ranar da ban zo ba, har mai yankan tikiti ya daina tambaya ta." Ya dubi Umma. "Ni na hana ta. Kunyar mutane na ji... yau kuma kunyar yaron nan ta fi."

Ya saki hannunta, ya ɗan tura ta gaba.

Wata tsohuwa a layi na uku ta dafe ƙirji ta ce wallahi ita ce, ga tabon nan. Mai Jita ya miƙe tsaye, ya kwance zaren da ya ɗaure tsohuwar fostar, ya dubi Umma. Sai da ta gyaɗa kai sannan ya warware ta ya ɗaga sama.

Ya koma ya zauna ya taɓa jitar, kiɗan nan ya fito, wanda Auta ta sani tun tana goye ba tare da ta san kiɗa ne ba. Umma ta rufe ido. Da farko ta hanci ya fito, yadda ya saba. Sannan bakinta ya buɗe.

"Ba ni da fitila, ina da taga... maƙwabta, ku bar taku a kunne..."

Muryar ta tsufa, ta ɗan dushe, amma ba ta kauce ko kaɗan ba. Auta ta zame ta durƙusa a gefen dandamali tana kuka kamar ranta zai fita. Da ta waiga neman Darakta, inda yake tsaye babu kowa.

Bayan an watse ta same shi a bayan labule yana mayar da jita cikin jaka. Ta tsaya nesa kaɗan, tana murza gefen mayafi. Ta ce ta kira masu ɗab'i, za ta sauya wa littafin suna.

"Kar ki soma," ya ce. "Umma na da nata, ina da nawa. Ke kaɗai za a bari a duhu?"

"Ka yafe mini?"

Ya rufe jakar, ya juyo.

"Ya yi mini ciwo, Auta. Ba zan ce miki bai yi ba."

"Na sani..."

"Amma na ga ƙafafunki suna rawa a kan matakalar nan, kuma ba ki koma ba." Murmushin nan ya dawo, a hankali, kamar mai tsoron a sake kore shi. "Gobe in an nuna miki wani abu a bango, ki kira ni tukuna, kin ji, masoyiyata?"

Ta gyaɗa kai, ta kasa ɗago ido.

Gyaran murya suka ji a bayansu. Abba ne, yana kallon ko'ina ban da fuskar Mai Jita. Ya tambaya ko za a iya ba shi fostar nan. Mai Jita ya miƙa masa da hannu biyu. Abba ya karɓa, ya juya zai tafi, sai ya tsaya.

"Ƙofar falon a buɗe take," ya ce. "Ka zo da manyanka."

Littafin ya fito da sunansa. A shafin farko Auta ta rubuta cewa aro ta yi, ta kuma faɗi a wurin wa. Fostar na rataye a falo cikin gilashi, dangin Abba in sun zo sukan kalle ta su kalli juna, shi kuwa sai ya ce musu a sha ruwa.

Ana saura 'yan kwanaki bikinsu, wata safiya Auta na ɗaki suna waya da angon nata, yana tsokanar ta wai har yanzu mai ganga tsoron ta yake ji. Sai ta ce masa ya yi shiru.

"Me ya faru?"

"Saurara..."

Ta je bakin taga ta miƙa wayar waje. Umma ce a tsakar gida tana wanki, tana rera waƙar da kalmominta duka, da murya a sake. Abba na zaune a kujerarsa da rediyo a cinya ana karanta labarai. Auta na kallo ya kai hannu a hankali ya murɗe shi.